Kurar da Na Zuba wa Tuwo

Isuhu, mijina marar cefane, ga wata nan, kama:

Kurata ba ta kwana a daji. Kare na ganinta sai ya kaɗa wutsiya, awaki ba sa gudunta. In ta shigo gida a shimfiɗa mata tabarma, in ta koma a bi ta da tuwo a kwano mai murfi. Wace kura ce?

Kada ka yi saurin ba ni gari. Riƙe ta tukuna. Amsar tana can ƙarshen takarda, in kuwa ka tsallake ka leƙa, ban yafe ba.

Bayan haka, ina gaishe ka gaisuwa mai yawa daga nan Korgom. Ina gaida matarka Hawwa da ta ƙwace mini kai da rana tsaka, ina gaida ɗiyarka Balki mai giɓi. Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya a Tasawa, ya tsare ku a hanya, ya tsare ku a masauki.

Ubanka ya zo ranar Asabar yana washe baki, wai an tura ka koyarwa lakwal ɗin Mairairai, can ƙasar Mayahi, Lahadi mai zuwa za ku ɗora kaya. Mushe guda, malamin makaranta! Kai da sai an ja ka a ƙasa kafin ka shiga aji. Allah ya sa albarka. Ya kuma ce ya yi waya da Alhaji Sanda, ƙanen kakanka marigayi, ya ba ku ɗaki biyu a gidansa, har an share an yayyafa ruwa.

Kada ka sauke Balki a gidan nan. Wasiƙar ke nan gaba ɗaya. Sauran bayani ne, don kada ka ce tsufa ya fara taɓa ni.

Da baki ba zan iya ba. Ni da kai ba mu taɓa yin zance mai tsawo ba sai ɗaya ya tsokani ɗaya, ina farawa za ka ce Kaka ta ɗauko tatsuniya. Shi ya sa na yago takarda daga kayen ƙanenka, littafin da yake rubutu a ciki, na zauna. Aji uku na yi kafin a cire ni, rubutuna kamar kaza ta bi ta kan rairayi. Ka gyara da jan bik, alƙalamin nan naku, in ka ga dama, amma ka karanta.

Maganar gwaggonka ce, ɗiyata ta fari. Ka san ba ka taɓa jin sunanta a bakina ba. Ke, waccan, yarinyar nan. Haka muka tarar, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a zama hira da shi. Ana yabona a kan haka, wai na fi kowa kunya a unguwa. Ku kuma kun tashi kun tarar da ita mai iska, wadda aure uku ya ƙi ta, wadda in an taɓa kafaɗarta ta baya sai ta zabura ta kai mari. Kai kanka ka taɓa bin ta da jifa kana ƙarami, na hango ka ta kan danga.

To ba haka aka haife ta ba. Har ta kai shekara tara babu aku irinta a Korgom. Ita ce a saman aduwa, ita ce gaban ƴan mata a dandali. Mushensu ya taɓa zuwa har ƙofar gida ya ce wa kakanka kada a kuskura a cire ta daga lakwal. Ina bayan zana ina ji, na yi kamar ban ji ba, ni mai kunya.

Wata damina na tashi da safe na tarar da tabarmarta a jiƙe. Yarinyar da ta daina tun tana shekara uku. Na yi faɗa. Washegari haka. Na yi duka. Da aka kwana goma tsofaffi suka ce a ɗaura mata kwaɗo. Ni na kamo shi da hannuna a bakin tabki. Na ɗaura mata a ƙugu da tsumma, na ɗora mata jiƙaƙƙiyar tabarmar a ka, na tara yaran unguwa suka bi ta da tafi har bakin rijiya. Ni ke ba da waƙar ma, suna amshi, ka san ni da baki. Mata na dariya har da riƙe ciki. Duk yaron da aka ɗaura wa kwaɗo ihu yake yi yana tsalle. Ita ba ta yi ko ɗaya ba. Tafiya kawai take, ido buɗe, kamar ta bar mana jikin ta tafi wani wuri. Na ce wa maƙwabta, kun ga taurin kai ko?

Isuhu, yaron da ya iya abu ya dawo bai iya ba, ba lalaci ba ne. In ya bar fitsarin kwance ya koma, in mai surutu ya yi tsit, in wanda ke kan gaba a aji ya koma bango yana kallon taga, wani abu ne ya same shi. Kada ka tara masa ƴan aji su yi dariya. Na san ku mushe-mushe da wannan hali, ku ma kuna da naku kwaɗon. Ka bari a tashi, ka zauna ƙasa daidai tsawonsa, ka tambaye shi a hankali. In bai amsa ba, ka sake gobe.

Lokacin nan kwano uku ke fita daga gidanmu kowace yamma. Akushi na liman. Ƙwarya ta wata tsohuwa makauniya da ba ta da kowa. Sai kwano mai murfi na Sanda, da yake bai yi aure ba tukuna, yana nan Korgom yana kwana a ɗakin da ke bayan kantinsa. Gwaggonka ke kaiwa duka. Biyun farko da gudu take kaiwa. Na ukun sai ta tsaya tana murza yatsun ƙafa a ƙasa.

"Inna, a ba wani ya kai."

"Wane wanin? Ubanki zan aika?"

"Cikina ke ciwo."

"Cikinki bai yi ciwo a gidan liman ba sai yanzu? Ɗauki, kafin in ɗauko muciya. Mutumin da ke cika miki hannu da dabino shi za ki yi wa rowar ƙafa?"

Rannan ta saki kwanon da gangan, miya ta malale. Na dake ta, na sake zubawa, na raka ta da bulala har kan kwana, na tsaya sai da na ga ta shiga. Na tsaya, Isuhu. Na dawo ina jin daɗin na iya tarbiyya.

Mu dai an koya mana yaro ba ya ƙin aike, babba kuwa ba ya laifi. To ni na ce maka yaro yana ƙin aike, kuma wani lokaci yana da gaskiya. In Balki ta ce ba ta zuwa gidan wane, kada ka ce me zai sa, kada ka ce ai kakanki ne. Ka ce to, zauna. Tuwo ya huce, wane ya ji haushi, ba komai. In ta ƙi miƙa wa wani hannu, a bar ta da hannunta. Ka gaya wa Hawwa haka da kakkausar murya, don mu mata mu ne masu aike.

Daga nan sai wanka. Ka san zurfin rijiyarmu, ka san yadda guga ke cin tafin hannu. Yarinyar nan sai ta ƙarar da randa guda a bayan ɗaki, ta cuɗa jikinta da soso har fata ta yi ja, ta fito ta koma. Ga zafin bazara ita kuwa zane biyu, riga biyu, ta ɗaure ƙugu tamau. Kakanka ya ɗora mata hannu a ka don wasa, ta gantsara masa cizo. Ta daina cin dabino, ko warinsa ta ji sai amai. A lakwal aka ce ta koma kamar dutse, aka sallamo ta. Kowa ya ce iska ce ta shafe ta a gindin aduwa. Na ji sanyi a raina da wannan magana, don iska ba ta da suna, ba ta da dangi, ba a kai ta gaban mai gari. Na sayar da tunkiya. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, muka hau amalanke har Urafan wurin wani mai magani, ya rufe ta da bargo shi da ita a ɗaki tana ihu, ni ina waje ina cewa iskar ce ke fita.

Mutum ɗaya ya faɗa mini gaskiya. Maryamu, maƙwabciyarmu Kirista, wadda ke taya ungozoma aiki a likita, asibitin garinmu. Ta same ni ina sussuka, ta karɓi taɓarya ta taya ni, sannan ta ce, "Hajo, ni na ga yara irin haka. Ba iska ba ce. Ki ja ta ɗaki ki tambaye ta ko wani babba yana taɓa ta inda bai kamata ba."

Na ƙwace taɓaryata. Na ce, "A gidanku ake wannan, ba a gidanmu ba."

Shekara guda ban amsa gaisuwarta ba. Ta rasu ban ba ta haƙuri ba. Kai in wani ya kawo maka irin wannan magana a kan ɗiyarka ko ɗan ajinka, kada ka duba addininsa, kada ka duba ko yana ƙaunarku. Ka ji ɗacin, ka haɗiye, ka je ka duba. Kuma a fara da likita. Addu'a ba ta hana a duba yaro.

Yanzu ga wadda ta fi duka, ita ce ta sa na kwana huɗu ina ɗaukar bik ina ajiyewa.

Ka san ni da kacici-kacici. A Korgom kaf ba a taɓa cin garina ba. Yara su kawo, in warware kafin su rufe baki, ni in kawo tawa, su kasa, su ba ni gari, in cinye garin da baki, in yi musu gwalo, sannan in faɗi amsa. Wata yamma bayan kaka muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, yara sun kewaye ni. Gwaggonka na can gefe, ta yi wata da watanni ba ta shiga wasa ba. Sai na ji muryarta. "Inna, ni ma ina da ita."

Yara suka ce, "Mai iska za ta yi! Mai iska za ta yi!"

Ta faɗi wadda na buɗe maka takardar nan da ita. Ba tawa ba ce, tata ce. Yarinya ƴar shekara goma ta zauna ta ƙera ta ita kaɗai, don ta san ta hanyar nan kawai uwarta ke sauraron yara. Tana faɗa tana kallon tsakiyar idona, abin da ba ta taɓa yi ba.

Yara suka yi ta harbi. Wannan ya ce kyanwa, wancan ya ce ɓarawo, ubanka yana ɗan ƙarami ya ce jaki, aka fashe da dariya. Aka juyo gare ni.

Shekara arba'in ina gaya wa kaina kasawa na yi. Ƙarya ne. Kwano mai murfi guda ɗaya ne a gidanmu, ni na saye shi, ni ke wanke shi. Tana rufe baki amsar ta faɗo mini a ciki kamar dutse a rijiya. A cikin ƙiftawar ido na ga kakanka da adda, na ga gida ya rabe biyu, na ga an ce matar wa ta yi wa ƙanen miji ƙage, na ga babu mai auren ɗiyata. Sai na yi dariya. Na ce, "Yau an kama ni! Na ba ki gari. Na ba ki Tasawa da kasuwarta."

Yara suka yi shewa, an ci garin Inna. Suka ce ta faɗi amsa. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Ta ce, "Na manta." Ta tashi ta shiga ɗaki.

Abin da na yi kawai, na daina aikenta da kwanon. Ban tambaye ta ba, ban rungume ta ba, ban ko kira sunanta ba. Na ci gaba da zuba tuwon, ina ba wa wasu yara su kai. Ka karanta wannan layin sau biyu. Bayan shekara biyu shi ya kwashe kantinsa ya koma Mairairai, aka yi masa rakiya, ni na soya masa guzuri.

Ita kuwa ka ga abin da ya saura. Miji na farko ya ce ba ta yarda a kusance ta. Na biyu ya ce ba ta barci, firgita take yi. Na uku mutumin kirki ne, ita ta tattara kayanta ta dawo, ta ce bai cancanci ƙazanta irinta ba. Ƙazanta, Isuhu. Ita ke ganin kanta da laifi, shi kuwa ya je Makka ya dawo ana sumbatar hannunsa. Ka tuna ranar da ta fizgo ka daga kantin bakin kasuwa, ta watsar da alewar da aka ba ka kyauta, ka yi ta kuka, ubanka ya zage ta? Ba hauka ba ne. Gadi take yi. Ita kaɗai ke gadi a gidan nan, mu muna kiranta mai iska.

Ranar Asabar da ubanka ke ba da labarin masaukinku, tana zaune tana tankaɗe. Na ga rariya ta tsaya. Da ya tayar da moto ya tafi, ta karkaɗe hannunta ta zo ta zauna a bakin tabarmata.

"Inna, har yanzu ina riƙe da garinki."

"Wane gari kuma?"

"Tasawa. Kin ba ni, ban ba ki amsa ba."

Na ce, "Na san amsar."

Ta ce, "Na san kin sani. Tun ranar na sani. So nake ki ji da kunnenki." Sai ta faɗa. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, kamar mai faɗin kuɗin gishiri. Sannan ta ce, "Balki shekararta bakwai. Ki gaya wa Isuhu, ko ni in hau moto in je."

Na buɗe baki in ce ke, sai na ji na ce Rabi. Rabi. Ga shi na rubuta, hannuna bai karye ba, rufin ɗaki bai faɗo ba. Mace mai furfura ta juyo tana neman wanda ya kira ta, don ba ta san sunanta a muryata ba.

Balki ɗiyarka ce ta fari. Na lura ka fara wannan munafuncin namu, kana ce mata ke, kana kau da kai in ta rugo gare ka a gaban mutane. Ka bari. Ka kira sunanta a kasuwa, a masallaci, a gaban ubanka. Duk wanda ya ce ba ka da kunya ka turo mini shi, ina da wadda ta ishe mu duka, ga abin da ta saya mini. Yaron da bai saba hira da kai a kan ƙaramin abu ba, ba zai kawo maka babba ba. Ka gaya mata, Hawwa ma ta gaya mata, babu wani babba da ke da ikon ce mata kada ki faɗa wa iyayenki. Ranar da ta zo da magana, ko a karkace ta zo, ko cikin wasa, ko cikin zane a allo, ka ajiye abin da ke hannunka. Kada ka yi ihu, kada ka ɗauko sanda a gabanta, za ta ɗauka ita ta jawo. Ka ce na yarda da ke, ba laifinki ba ne. Kalmomin nan ba su da tsada, ni na hana ɗiyata su shekara arba'in.

Maganar masauki, ka nemi ɗaki ko na kara ne. In bai samu ba ka kwana a aji a kan tebur, ka kawo mini Hawwa da Balki su zauna har ka samu. Ubanka zai yi tsalle, zai ce zumunci, zai ce me za a gaya wa Alhaji. Bar ni da shi, ni na haife shi, ranar Juma'a zan zaunar da shi. Rabi ta yarda kai da Hawwa da shi ku sani. Bayan ku, labarin nata ne, kada ya fita sai da izininta.

Amma an ce mini kantin yana kan hanyar lakwal ɗinku, kuma har yanzu akwai dabino a kan tebur. Yara sittin za a damƙa maka, maza da mata, kuma kada ka ɗauka mazan sun tsira. Ka buɗe ido. In ka ga wani yaro ya canza irin canjin da na faɗa maka, kada ka ce ba ɗanka ba ne. Akwai direktar, shugaban lakwal, akwai likita, akwai jandarma a Mayahi. Za a ce ka tona asirin dangi. Ni na rufe shi, na rufe da kyau, ka zo ka ga abin da na samu a ƙarƙashin murfin.

Ban roƙi Rabi gafara ba tukuna. Na fara sau biyu, ta ce in bari sai Balki ta sauka wani wuri. Ka ga ke nan har gafarata tana hannunka, mijin banza.

Allah ya kai ku lafiya, ya sa ka shiga garin da ƙafar dama. Allah ya tsare Balki da duk ɗiyan da za su zauna a gabanka, ya ba ka kunnen da ni ban yi amfani da nawa ba. Ka gaida Hawwa. Rabi na gaishe ku. In ka samu ɗaki ka kira wayar ƙanenka a ba ni, ba zan ci abincin kirki ba sai na ji.

Kakarka, Hajo.

Ba sai ka ba ni gari ba, na ƙoshi da garuruwa. Kurar Alhaji Sanda ne, ƙanen kakanka. Ya lalata Rabi tana shekara tara, a ɗakin bayan kantinsa, sama da shekara guda, kuma ni ce nake aika ta da tuwon.